Batirin Amoniya da Neman Ƙarfe Mai Araha

Ɗan kasuwar Kano ko Maraɗi da ya sauka a filin jirgin saman Baiyun na birnin Guangzhou a kudancin ƙasar Sin, ya kama hanyar unguwar Sanyuanli inda 'yan Afirka ke saro kaya, ya san farashi ne ke buɗe wa haja ƙofar kwantena. Faifan sola shaida ne. Tun 1954 aka ƙera na farko mai amfani a Amurka, amma ya shafe fiye da shekara hamsin bai wuce taurarin ɗan Adam da rufin gidajen masu hali ba. Sai da farashinsa ya karye da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, galibi saboda masana'antun Sin, sannan ya hau rufin shaguna da masallatai da rijiyoyin burtsatse a ƙasar Hausa.

Akwai wata na'ura da a yau take tsaye inda sola ya tsaya a da. Batir ne mai shan mai, man nasa kuma amoniya ce, sinadarin da ake yin takin yuriya da shi. Yana ba da wutar lantarki ba hayaƙi, ba rugugi, abin da ke fita daga cikinsa ruwa ne da iskar naitirojin. An riga an tuƙa bas da jirgin ruwa da shi, an kunna turken sadarwa. Abin da ya tsare shi a ɗakin gwaji abu biyu ne: ƙarafan da suka fi iya aikin suna da tsadar gaske, masu arahar kuma ba sa jimawa. Lardin Guangdong, wanda Guangzhou ce hedikwatarsa, yana cikin wuraren da ake ƙoƙarin warware wannan ƙulli.

Me ya kawo amoniya cikin zancen wuta?

Asalin zancen na iskar haidirojin ne. Idan haidirojin ta haɗu da oksijin sai su zama ruwa, su saki makamashi mai yawa, babu toka babu hayaƙi. Matsalarta ajiya da dako. Iska ce marar nauyi ƙwarai, don haka kafin a tara mai yawa a tanki sai an matse ta har ninki 700 na matsin iskar da ke kewaye da mu, ko a sanyaya ta zuwa digiri 253 ƙasa da sifiri ta zama ruwa. Duka biyun suna cin kuɗi da wuta.

Amoniya hanya ce ta ɗaure haidirojin don a iya ɗaukarta. Kowace ƙwayarta ta ƙunshi naitirojin ɗaya da haidirojin uku. Tana zama ruwa a digiri 33 ƙasa da sifiri, ko a zafin ɗaki idan an matse ta kusan ninki goma kacal, wato dangin matsin tukunyar gas ɗin girki. Abin mamaki, lita ɗaya ta ruwan amoniya ta fi lita ɗaya ta ruwan haidirojin tsantsa ɗauke da haidirojin, da kusan rabi. Ga shi kuma duniya ta daɗe da sanin yadda ake mu'amala da ita: ana sarrafa wajen tan miliyan 180 a shekara, kusan kashi 70 cikin ɗari na tafiya takin zamani, akwai tankuna da jiragen dakonta a manyan tashoshin ruwa. Sin ce ta fi kowace ƙasa sarrafa ta. A Nijeriya ma ana yin ta daga iskar gas a masana'antar takin Dangote da ke Lekki, wadda aka buɗe a 2022, da ta Indorama a Eleme, da ta Notore a Onne, kafin a mayar da ita yuriya.

Ana iya ƙona amoniya kai tsaye. A 1943, lokacin da yaƙin duniya ya jawo ƙarancin dizal, an tuƙa motocin bas da ita a Beljiyam. A Yunin 2023 kamfanin motoci na GAC da ke Guangzhou ya nuna injin ƙaramar mota mai aiki da ita, a 2024 kuma kamfanin tayil na Monalisa a Foshan, maƙwabciyar Guangzhou, ya fara gasa tayil da wutarta tare da haɗin gwiwar cibiyar bincike ta Xianhu. Sai dai amoniya ba ta son kamawa, harshen wutarta na tafiyar hawainiya, kuma ƙona ta kan haifar da iskoki masu guba na naitirojin da sai an tace su. Batir mai shan mai yana kauce wa ƙonawar gaba ɗaya.

Yadda batirin ke aiki

Batirin mota ko na waya ma'ajiya ce: a cika, a yi amfani, ya sauka, a sake caji. Batir mai shan mai ba ya ajiye komai. Muddin ana ɗura masa mai ta wannan gefe, iska ta wancan, zai ci gaba da ba da wuta. Wani lauya ɗan Birtaniya mai sha'awar kimiyya, William Grove, shi ya nuna dabarar a 1839.

Cikinsa sassa uku ne a manne da juna. Akwai fuskar mai, akwai fuskar iska, sai wani siririn tantani a tsakaninsu. A fuskar mai ake fasa ƙwayar man, a ƙwace mata ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilaktiron. Shi tantanin tsakiya an yi shi ne yadda zai bar wasu ƙwayoyi masu caji su ratsa shi, amma ya hana ilaktiron wucewa. Dole ilaktiron su bi ta waya su zagaya zuwa fuskar iska, inda oksijin ke jiransu, kuma wannan zagayen nasu shi ne wutar da ke kunna fitila ko tuƙa famfo. Idan an yi lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita, ƙwayar amoniya huɗu da ta oksijin uku suna ba da ƙwayar naitirojin biyu da ta ruwa shida. Faifai ɗaya ba ya wuce bolt 1.17 ko a lissafin takarda, a aikace kuma bai kai haka ba, shi ya sa ake jera faifai da yawa a ɗaure su dami guda.

Amoniya ba ta yarda ta fashe da kanta cikin sauri. Sai an shafa wa fuskar wani sinadari da ake kira katalis. Aikinsa aikin dillali ne a kasuwar Dawanau: ya riƙe mai sayarwa, ya jawo mai saye, a ƙulla ciniki, ya sallame su, ya juya ga na gaba, shi kuwa ba a saye shi ba, ba a sayar da shi ba. Dillalin da ba ya iya tsayar da mutane ba zai ƙulla komai ba, wanda kuma ya riƙe mutum ɗaya ya ƙi saki ya toshe layi. Haka katalis yake. Dole ya kama naitirojin da ƙarfin da zai isa a tsinke mata haidirojin, ya kuma sake ta da wuri don wata ƙwayar ta sami wuri. Masanin nan ɗan Faransa Paul Sabatier ne ya bayyana wannan ƙa'ida, kuma kusan duk binciken da ake yi a kanta yake tafiya.

Ƙarafan da Allah Ya hore wa wannan daidaito 'yan kaɗan ne, kuma 'yan gida ɗaya ne: filatinam, rutiniyam da iridiyam. Filatinam da ake haƙowa a duniya bai kai tan 200 a shekara ba, kusan kashi 70 cikin ɗari daga Afirka ta Kudu. Rutiniyam 'yan gomiyoyin tan ne, iridiyam bai kai tan goma ba. Ko da kuɗin ba matsala ba ne, babu isasshen da zai wadatar da miliyoyin na'urori.

Wannan ba shi ne karon farko da amoniya ta shiga irin wannan tsaka mai wuya ba. Lokacin da Fritz Haber ya nuna a 1909 cewa ana iya haɗa ta daga naitirojin da haidirojin, katalis ɗinsa osmiyam ne, ƙarfen da duk abin da ake da shi a duniya a lokacin bai taka kara ya karya ba. Kamfanin BASF na Jamus ya ɗora wa Alwin Mittasch nauyin nemo madadin. Shi da abokan aikinsa suka yi dubban gwaje-gwaje, har suka dace da wani dutsen baƙin ƙarfe daga Suwidin wanda ya yi aiki saboda 'yan gaurayen da ke cikinsa. Suka gano baƙin ƙarfe da ɗan alminiyam da fotash ya wadatar. Da shi Carl Bosch ya buɗe masana'antar Oppau a 1913, kuma kusan da irinsa ake yin takin duniya har yau. Masu binciken batirin amoniya aikin Mittasch suke maimaitawa, sai dai shi haɗawa ya nema, su kuma warwarewa.

Hanya ta farko: a fasa kafin a shayar

Hanya mafi kusa da kasuwa ita ce a bi da amoniya ta wata tukunya mai zafi da katalis a ciki, ta rabu zuwa haidirojin da naitirojin, sannan a ba batirin haidirojin na yau da kullum. Haka kamfanin Amogy na Amurka ya yi a Satumbar 2024, da ya tuƙa wani tsohon jirgin jan kaya, ƙirar 1957, a wani reshen kogin Hudson. A Sin, ayarin Farfesa Jiang Lilong na Jami'ar Fuzhou, a lardin Fujian mai iyaka da Guangdong, ya bi wannan hanya: a 2022 an kafa ƙaramar na'urarsu a wani turken sadarwa a Longyan, a farkon 2023 kuma aka fito da bas mai aiki da ita.

Tsadar a nan ta wuri uku take shigowa. Na ɗaya, fasawar tana shan zafi, kusan kashi 15 cikin ɗari na makamashin amoniyar. Rutiniyam yana gama aikin a digiri 400 zuwa 500, nikel mai araha kuwa sai an haura 600. Na biyu, batirin haidirojin da aka saba da shi yana da tantani mai tsami, amoniya kuma alkali ce, ko ɓurɓushinta ya shiga sai ya kashe tantanin. Ƙa'idar duniya ba ta yarda ragowar amoniya a cikin haidirojin ɗin mota ta wuce kashi ɗaya cikin miliyan goma ba, don haka sai an ƙara matattara. Na uku, shi kansa batirin da filatinam yake aiki.

Dabarar da ake bi don kauce wa rutiniyam tana da ban sha'awa. Tunda wasu ƙarafa sun cika riƙo, kamar baƙin ƙarfe da molibdinam, wasu kuma riƙonsu ya yi sako-sako, kamar nikel da kobal, sai a gauraya ɗaya daga nan ɗaya daga can, a sami wani abu a tsakiya mai halin rutiniyam. Masu bincike a Danmak sun nuna haka da gamin kobal da molibdinam tun farkon ƙarnin nan, daga baya wasu suka gwada gamin ƙarafa biyar a ƙwaya ɗaya. Wata dabarar ita ce a canza abin da ake shimfiɗa nikel a kai, ko a barbaɗa masa ɗan fotash ko bariyam, don ya riƙa sakin naitirojin a zafi mai sauƙi.

Akwai kuma masu cewa a canza batirin. Idan an yi amfani da ruwan alkali, dangin sodar da ake sabulu da ita, a matsayin tantanin tsakiya, ɓurɓushin amoniya ba ya yin illa, kuma nikel kan iya tsayawa a wurin filatinam. Tsohuwar dabara ce ta injiniyan Ingila Francis Bacon, wadda a kanta aka gina batiran da suka ba kumbon Apollo wuta da ruwan sha a tafiyar duniyar wata. Rauninta shi ne iskar kabon da ke cikin iskar da muke shaƙa tana haɗuwa da alkalin ta zama gishiri mai toshe ƙofofin fuska, don haka sai an tace iskar kafin ta shiga.

Hanya ta biyu: a shayar kai tsaye, ba zafi

Burin kowa shi ne na'urar da za a zuba wa amoniya ta ba da wuta nan take a zafin da bai kai na tafasasshen ruwa ba, babu tukunyar fasawa. Ana yin wannan da tantanin roba mai alkali. Farfesa Shanwen Tao da Rong Lan, waɗanda daga baya suka ci gaba da aikin a Jami'ar Warwick ta Ingila, suna cikin waɗanda suka fara nuna shi a 2010.

Nan ne aikin ya fi wuya. Ko filatinam ɗin ma wahala yake sha. Tun 1970 masanan Jamus biyu, Gerischer da Mauerer, suka bayyana dalili: idan aka tsinke wa amoniya haidirojin ɗinta uku duka kafin ta sami abokiyar haɗuwa, sai naitirojin tsirararta ta manne wa ƙarfen ta ƙi tashi. A hankali fuskar ta cika da irin waɗannan, wuta ta yi ta raguwa. Gauraya filatinam da iridiyam yana rage matsalar, amma magani ne da ya fi cutar tsada. A 2019 ayarin Yushan Yan na Jami'ar Delaware a Amurka ya sami miliwat 135 daga kowane murabba'in santimita a digiri 80, aka ɗauke shi babban ci gaba, alhali batirin haidirojin na mota yana ba da kusan wat guda daga fili irin wannan. Wuta kaɗan daga kowane faifai na nufin faifai da yawa, faifai da yawa kuma na nufin kuɗi.

An gwada nikel da jan ƙarfe a fuskar mai. Suna fasa amoniya, amma sai an tura musu wuta daga waje tukuna, saboda nikel ba ya fara aiki sai fatarsa ta rikiɗe zuwa wani nau'i da ke buƙatar ƙarfin lantarki mai yawa. Wannan ya sa suka fi amfani wajen tsabtace ruwan masana'antu da na dabbobi mai ɗauke da amoniya fiye da samar da wuta. A fuskar iska kuwa labarin ya fi daɗi. Amoniya tana ratsa tantani ta tsallaka can, idan ta tarar da filatinam sai ta gurɓata shi. Sinadaran manganis, da gawayi na musamman da aka dasa wa ƙwayoyin baƙin ƙarfe da naitirojin, ba su damu da ita ba. A wannan gefen dai mai arahar ya fi mai tsadar dacewa da aikin.

Hanya ta uku: tangaran mai zafi

Idan aka ɗaga zafi zuwa digiri 600 ko 800, zafin ne ke ɗauke rabin aikin katalis. Amoniya na shiga ta tarar da nikel mai zafi, ta fashe nan take, batirin ya sha haidirojin ɗin. Ba a buƙatar filatinam ko kaɗan, zafin da batirin ke fitarwa kuma shi ke biyan kuɗin fasawar. Tantanin tsakiya a nan tangaran ne, siririn faifai na zarkoniya da aka gauraya da itiriyam, wanda Walther Nernst ya gano tun ƙarshen ƙarni na 19 cewa yana barin oksijin ta ratsa shi idan ya yi zafi. Irin wannan batir yana mayar da rabi ko fiye na makamashin mai zuwa lantarki, alhali janareton dizal na yau da kullum kusan sulusi yake mayarwa. A 2017 Jami'ar Kyoto da wasu kamfanonin Japan sun gwada dami mai kilowat ɗaya da amoniya tsantsa. A gabashin Guangdong, kamfanin Chaozhou Three-Circle yana cikin manyan masu ƙera irin waɗannan faya-fayan zarkoniya a duniya.

Tsadar ta gudu daga katalis ta koma jikin na'urar. Zafi mai yawa yana buƙatar ƙarafa na musamman, da abin liƙi da ba zai tsage ba, da sa'o'i kafin na'ura ta ɗumama. Don haka ake neman sauko da zafin zuwa tsakanin 500 da 650, inda ƙarfe marar tsatsa na kasuwa zai iya ɗauka. A 1981 masanin Japan Hiroyasu Iwahara ya gano wani dangin tangaran da ke barin haidirojin mai caji ta ratsa shi maimakon oksijin, kuma a zafi mai sauƙi. Ga amoniya wannan yana da fa'ida biyu: ruwa yana fita ne ta fuskar iska, bai tsarma man ba, sannan oksijin ba ta haɗuwa da naitirojin a fuskar mai balle a sami iska mai guba. A 2009 ayarin Meilin Liu na jami'ar Georgia Tech ta Amurka ya fito da wani gami na bariyam da zarkoniyam da siriyam da itiriyam da itabiyam, wanda ya zama abin da akasarin masu bincike ke aiki da shi.

Saukar da zafi ya farkar da wata cuta. A zafi mai sauƙi nikel ba ya fasa amoniya da sauri, sai naitirojin ta kutsa cikinsa ta zama wani sinadari da ke kumbura ƙwayar ƙarfen. Daga baya ta fita, ƙwayar ta motse. Kumburi da motsewa, yau da gobe, sai fuskar ta yi ramuka ta tsattsage. A nan Guangzhou ta shigo. A 2022 ayarin Farfesa Chen Yu na Jami'ar Fasaha ta Kudancin Sin, tare da Meilin Liu da wasu, ya wallafa sakamakon shafa wa fuskar nikel ɗan baƙin ƙarfe. Gamin da ya samu a fatar yana kama amoniya da kyau, yana kuma sakin naitirojin da wuri, don haka ba ta samun lokacin kutsawa. Sun ba da rahoton kimanin wat 1.6 daga kowane murabba'in santimita a digiri 700, fiye da ninki goma na abin da hanya ta biyu ta bayar a Delaware, kuma da ƙarfen da ya fi kowanne araha.

Sauran wuraren rage kuɗi ba su da armashi a labari amma suna da nauyi a lissafi. Fuskar iska takan ƙunshi kobal, wanda kusan kashi 70 cikin ɗari daga Kwango ake haƙo shi, masu batirin mota kuma suna rububinsa, don haka ana neman gamin da baƙin ƙarfe zai maye gurbinsa. Gasa tangaran mai bariyam da zarkoniyam yakan nemi digiri 1,600 ko fiye, amma masu bincike a Colorado ta Amurka sun nuna a 2015 cewa ɗan barbaɗin wani sinadari yana sauko da shi zuwa wajen 1,400, a kuma rage yawan gashi. Su kuwa itiriyam da siriyam da 'yan uwansu, kusan kashi 90 cikin ɗari na tace su a Sin ake yi. Lardin da ke da masu gasa tayil a Foshan, da masu faya-fayan zarkoniya a Chaozhou, da jami'o'i a Guangzhou, yana da hannu a kusan kowane mataki na aikin.

Abin da araha ba ta saye

Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a wannan fage maganar tana da ma'auni. Farashin na'ura shi ne kuɗinta a raba da sa'o'in da za ta yi tana aiki. Abin da ake nema ga batirin tangaran da za a kafa wuri ɗaya shi ne sa'a 40,000, kusan shekara biyar ba tsayawa. Galibin sababbin sinadaran da ake shela an gwada su ne na 'yan ɗaruruwan sa'o'i, a faifan da bai fi kwabo faɗi ba. Daga nan zuwa dami mai kilowat goma da za a kunna a kashe cikin ƙurar hunturu da zafin bazara akwai tafiya. Katalis mai rabin kuɗi da ke mutuwa a rubu'in lokaci ya fi wanda ya maye gurbinsa tsada.

Sai tushen amoniyar. Kusan duk wadda ake yi yau daga gas take, a Sin kuma galibi daga kwal, kuma yin ta yana fitar da wajen tan miliyan 450 na iskar kabon a shekara. Batirin da ya sha irin wannan bai tsabtace komai ba, ya dai matsar da hayaƙin zuwa masana'anta. Mai tsabtar ita ce wadda aka raba ruwa da wutar rana ko ta iska aka sami haidirojin, aka ɗebo naitirojin daga sararin sama. An buɗe babbar masana'anta irin wannan a Chifeng da ke yankin Mongoliya ta Gida na ƙasar Sin a 2025, ana gina wata a Neom ta Saudiyya, amma har yanzu amoniya mai tsabtar ta fi ta gas tsada. Akwai kuma asara a hanya: daga wutar rana zuwa amoniya, daga amoniya a koma wuta, fiye da rabi ke salwanta. Ga wanda ke son ajiye wutar rana ya yi amfani da ita da dare, batirin litiyam ya fi. Amoniya tana cin riba ne inda ake son ajiya ta watanni, ko dako mai nisa, ko jirgin ruwan da zai yi makonni a teku.

Na ƙarshe, guba ce. Hanci yana jin warinta tun tana 'yar kaɗan, wannan rahama ce, amma idan ta kai kashi 300 cikin miliyan a iska rai na cikin haɗari, tana ƙona ido da huhu. Afirka ta Yamma ta ɗanɗana. A ranar 24 ga Maris 1992 wata tankar amoniya da aka cika fiye da kima ta fashe a masana'antar man gyaɗa ta Sonacos a Dakar, inda ake amfani da ita wajen kashe gubar da ke cikin tunkuza. Mutum 129 suka rasu, fiye da dubu suka jikkata. Ƙasar da ake fama da faɗuwar tankokin fetur a kan hanya tana da aikin horo da dokoki a gabanta kafin ta saki tankokin amoniya daga Onne zuwa Sakkwato.

Saboda haka ba a ɗakin kwana ko shagon aski wannan batir zai fara zama ba. Zai fara ne inda akwai shinge da ma'aikaci mai horo, kuma dizal ya riga ya zama azaba: turakun sadarwa da ke nesa da layin wuta, kamfanonin ƙanƙara da ɗakunan sanyi waɗanda da ma da amoniya suke sanyaya kaya, tashoshin jiragen ruwa, da masana'antun da ke kusa da masu yin taki. Duk wanda aka kawo wa irin wannan na'ura nan gaba, tambaya uku za su raba masa gaskiya da talla: wane ƙarfe ne a fuskar mai, a wane zafi take aiki, kuma sa'a nawa aka gwada ta da amoniya kafin wutarta ta fara raguwa. An sami amsoshi masu kyau ga ta ɗaya da ta biyu, daga nikel da baƙin ƙarfe. Amsar ta uku ce za ta yanke ranar da za a fara ƙera ta da yawa, kuma ba a samunta sai an bar na'ura tana aiki shekara da shekaru ana auna ta.